Shekarar da Ba a Yanka Sa Ba

A kamfanin man kaɗanya da nake aiki akwai wata al'ada da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Duk ƙarshen shekara ana yin liyafar ma'aikata, kuma waɗanda aka ɗauka aiki a shekarar su ne ke shirya ta. Wannan ba laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne tsofaffin ma'aikata ba sa gaya wa sababbi komai. In ka tambaya sai a yi maka murmushi a ce, "Ku ne kwamiti." Jira suke ku yi kwaɓa su sami abin dariya na shekara guda. Akwai waɗanda suka manta da hayar kujeru, manya suka ci abinci a tsaye. Akwai wanda ya kawo mai kiɗa ba janareto, aka ɗauke wuta ana tsakiyar rawa. Waɗannan labarai tun makonka na farko za a ba ka su, ana ƙyaƙyatawa, ana nuna maka mai laifin da baki. Ni ma na yi dariyar, ban san layi nake bi ba.

Shekarar da aka ɗauke ni mu uku ne sababbi. Ni ina ɗakin gwaji, inda ake duba tsabtar mai kafin a zuba a durom. Sai wani saurayi a sashen talla, haifaffen zangon Kumasi, muna ce masa ɗan Kumasi. Ta ukunmu 'yar unguwar Kanvili ce a sito, tana goyo, kuma duk abin da aka ce sai ta ce to don a tashi da wuri.

Kafin in ci gaba sai na faɗi ko wace ce Mma, don labarin nata ne. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Sabonjida, 'yar Dagomba, ba mu haɗa jini ba. Mahaifiyata fatauci take yi zuwa kudu, ta yi sati biyu, wani lokaci uku ba ta nan, kuma a hannun Mma take bari na. Ita ta yaye ni, ita ta kai ni makaranta ranar farko, ita ta zane ni ranar da na fara ƙarya. Tun kafin in yi wayo take aiki a kamfanin nan, a rumfar baya, wurin matan da ke tsince ƙwarar kaɗanya, su wanke, su shanya, su soya. Su ashirin da 'yan kai ne, aikin yini suke yi, ita ce babbarsu. Da na gama karatu da bautar ƙasa na zauna a gida shekara guda ina ƙirga silin, ita ce ta ji ana neman ma'aikaci a ɗakin gwaji, ta ƙulle takarduna a leda, ta kai su ofis da ƙafarta. Ba ta iya karanta abin da ke ciki ba, amma ta tsaya a bakin ƙofar manajan ma'aikata har sai da ya karɓa.

Liyafar ma na san ta tun ina yarinya, amma daga gefen gida. A harabar kamfanin ake yi. A kawo sa, a yanka da safe, matan rumfa su ɗora tukwane, su tuƙa tuwo, su dafa shinkafa da wake, su yi miyar ayoyo. Da yamma Mma za ta dawo da fanteka a ka, da ɗanyen nama a naɗe cikin takardar siminti, idanunta jawur saboda hayaƙi. Ta kwanta a tabarma ta ce in hau in tattaka mata baya. Abin da ya zauna mini a rai ke nan, jan idon nan da bayan nan. Naman na ci na manta.

Saboda haka a zamanmu na farko na kwamiti, ni na buɗe baki na ce bana matan rumfa ba za su yi girki ba. Na ce ba daidai ba ne kowa na rawa su suna gaban murhu. A ɗauko masu dafa abinci daga waje, su ma su zauna a kujera a kawo musu. Na faɗa da zafi, ina jin kaina kamar wadda ta zo gyara duniya.

Ɗan Kumasi ya buga tebur. "Wannan aidiya ya yi paa, shawaran ya yi kyau sosai. To in ba girki, me ya sa za mu zauna cikin warin mai? Akwai otal a hanyan Gurugu, yana da gadin na furanni, yana da kanofi na inuwa. Mu yi kati, kowa da sunan shi."

'Yar Kanvili ta ce to.

Muka rubuta shirin muka kai wa manajan ma'aikata, wanda kowa ke kira Alhaji. Mutum ne da ko takardar neman hutu ka kai masa sai ta kwana uku a teburinsa. Wannan kuwa bai gama karantawa ba ya sa hannu. Ya ce dama bana manya za su zo daga Accra, kuma ya daɗe yana son a daina abin nan na hayaƙi da ƙudaje. Saurin nan ya kamata ya sa in tsaya in yi tunani. Ni kuwa na fito ina washe baki, a zatona basirata aka gani. Ya miƙo mini jerin sunayen ma'aikata ya ce in buga katuna, in aika wa otal kwafi don mai gadinsu. Na buga su ɗaya bayan ɗaya, ina kula kar in ɓata harafin sunan kowa. Na lura ba sunayen matan rumfa, amma na ɗauka nasu jerin daban yake, zai biyo baya. Ban tambaya ba.

A ranar da yamma na shiga wurin Mma ina rawar jiki.

"Mma, bana ba za ki dafa komai ba. Otal za a je. Za ki zauna a kujera, a kawo miki abinci a faranti."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Ni? To wa zai dafa? Yaran otal nan ya san daddawa?"

"Ba ruwanki. Ke dai ki sa kaya ki zo."

Ta yi tsaki, ta ce ita ba ta son abincin da ba ta ga tukunyarsa ba. Amma washegari kafin azahar duk rumfa ta ji. In na wuce sai su ɗago kai daga tsintar ƙwara suna sa mini albarka, wata ta yi guɗa. Mma kuwa ta ƙi kallona, tana ta aikinta, sai dai na ga yadda take taune murmushi. A makon suka zaɓi yayi, wato atamfa iri ɗaya da za su ɗinka gaba ɗaya, kore mai zanen ganye. Duk wanda ya shigo gidansu a Sabonjida sai ya ji cewa bana 'yarta ce ke riƙe da fatin kamfani.

Saura kwana takwas, ina alwalar la'asar a famfon harabar, tsohon direban da ke ɗauko ƙwara daga ƙauyuka ya zo ya tsuguna kusa da ni. Shi ne duk shekara yake zuwa wajen gari, wurin masu shanu, ya ɗauko san liyafa. Ya wanke hannu, sannan ya dube ni.

"'Yata, bana ba za ni wurin Fulani ba ke nan?"

"A'a, Baba. Bana ba sa. Otal za su dafa."

"To. Matan nan ta wane ƙofa za su shiga?"

Na ce ta ƙofar da kowa zai shiga mana. Ya girgiza kai.

"Shekara nawa ina nan, ba a taɓa gayyatan su ba. Ba sunan su a takarda ko ɗaya. Girki ne ke kawo su. In sun gama su ci, su yi rawa, su ɗauki nama su tafi. San nan shi ne katin su. Kin cire sa, kin cire su."

Na tsaya da ruwa a hannu. Na tambaye shi ko mutanen ofis sun san haka.

"Kowa ya sani. Tun ranan da kuka ce otal." Ya duba hagu da dama. "Ni ma bai kamata in faɗa ba. Kar ki ce ni ne."

Sallar nan ban san abin da na karanta a ciki ba. Sati uku ke nan mutanen nan suna gaishe ni da safe, suna tambayata yaya shiri, suna cewa Allah ya ba da sa'a. Sati uku suna wucewa ta gaban rumfa suna ganin tsofaffin mata na auna atamfa a jiki. Da kujeru muka manta, da sai in ce wasa ne, kowa ya yi tsayuwar awa biyu ya koma gida. Amma waɗannan mata sun haifi rabin masu dariyar. Wasu a ofis ɗin nan sun ci tuwon Mma fiye da shekara goma, sun ce a ƙara musu miya, sun kira ta uwa da bakinsu. Ba wanda ya ga ya dace ya ja ni gefe ya ce ke, kin taka wuta. Sai tsohon direba, shi ma a ɓoye kamar mai sayar da kayan sata.

Na wuce ofishin Alhaji ko ƙafata ban gama sharewa ba. Na ce an yi kuskure, ba a sa matan rumfa a jeri ba, ina so a ƙara su.

Ya cire tabarau. "Ba kuskure. Fatin sitaf ne, na cikakkun ma'aikata. Su ba sitaf ba ne."

"Alhaji, duk shekara suna nan."

"Suna nan suna aiki. Ke kika ce a hutar da su, ko ba ke ba? To an hutar da su."

Na ce ba haka nake nufi ba. Na ce to a koma harabar kamfani, a sayo sa kamar yadda aka saba. Ya ce an riga an aika wa Accra, an gaya wa otal adadin kujeru, ba zai mai da kansa ƙaramin mutum ba. Muryata ta fara tashi, na ji ta da kunnena. Sai ya jingina da kujera ya tambaye ni wata nawa na yi da fara aiki.

"Biyar."

"Saura ɗaya a ba ki takardan tabbatarwa. Ki natsu, ki yi fatin ki."

Bai ɗaga murya ba, ko fuska bai ɓata ba. Na fito. Na tarar da sakatariya, babbar mace mai jikoki, na ce mata Anti, kin san matan rumfa ba sa cikin jeri? Ta ci gaba da buga takardarta ta ce, "Ku ne kwamiti." Wallahi da ba don girmanta ba da na kifar da teburin. Ɗan Kumasi ya ce shi dai kar in sa shi cikin wahala, bai ma san akwai wata rumfa a baya ba sai da na faɗa. 'Yar Kanvili ta ce Allah ya kyauta, ta gyara goyonta.

Duk wannan fushin gaskiya ne, kuma har yanzu ina da shi. Amma akwai wanda ya fi shi, wanda nake yi da kaina. Ɗan Kumasi baƙo ne, ba a ganin laifinsa. Ni fa? Ni na ci naman nan shekara da shekaru. Na ga fantekar, na ga takardar siminti, ban taɓa tambayar kaina me ya sa Mma ke tashi da asuba tana waƙa ranar da za ta fi kowace rana wahala ba. Na je makaranta na dawo na ga hayaƙi kawai. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba ne.

Abin da ya rage shi ne in gaya mata. Kwana takwas gare ni, kuma ƙofa da ƙofa muke. Sau uku na shiga da niyyar faɗa. Na farko na tarar da tela ta kawo ɗinki, Mma na tsaye gaban madubi tana juyawa, tana cewa an matse mata hannu. Na ce ya yi kyau, na fito. Na biyu na tarar da baƙi, na ce to ba a gaban mutane ba, har na ji daɗin samun dalili. Na uku ita kaɗai ce, tana zaune da faranti a cinya da cokali mai yatsu da ta aro, tana fama da shinkafa.

"Wai da wannan ake ci a otal? Nuna mini. Ba na so in ba ki kunya gaban manyan ki."

Na zauna na nuna mata yadda ake riƙewa. Shinkafar na zubewa tana dariya, tana zagin wanda ya ƙirƙiro cokalin. Na tashi na fito ban gaya mata ba.

Sai na shirya wa kaina dabara irin ta matsorata. Na ce ranar ni zan tsaya a ƙofar otal. In sun zo in shigar da su, in zaunar da su, in ga wanda zai iya tashin tsofaffin mata daga kujera a gaban baƙin Accra. In abinci bai isa ba mu uku 'yan kwamiti mu haƙura da namu, a san yadda za a yi. A kaina dabarar ta yi kyau ƙwarai, saboda ba ta buƙatar in kalli Mma a ido.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Na isa da wuri na kama ƙofa. Ban yi minti ashirin ba Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce ni zan tarbi baƙin Accra, in kai su babban tebur, in tsaya kusa ko za su buƙaci wani abu, ƙofa kuwa otal na da mai gadinsu. Ko ya gane shirina ne, ko kuwa haka abin ya zo, ban sani ba har yau, amma na fi zargin na farko. Ina tsaye ina zuba wa wani mutum mai ƙaton agogo zoɓo sai na ji waƙa daga titi. Na san muryoyin, matan rumfa ne. Sun zo a motokin biyu, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a tsaye, duk cikin kore, suna tafi suna waƙa da yarensu, Dagbani. Na ajiye jug ɗin, amma mutumin ya riƙe ni da tambayar ko zoɓon da citta. Kafin in kai ƙofa sun sauka, motocin sun juya, waƙar ta tsaya.

Mai gadin yana riƙe da jerin da na buga, yana bi da yatsa. Mma na gabansa, ɗaurin ɗankwalinta ya fi na kowa tsawo. Tun daga nesa na ji abin da take ce masa.

"Duba da kyau. In ba ka gani ba, kira mini 'yata. Shi ne ya rubuta takardan."

Na ce masa ya buɗe, baƙina ne. Ya ce an ba shi umarni, wanda ba ya cikin takarda ba ya shiga. Na kama ƙofar da hannuna, ya sa ƙafa ya tare. Sai ga Alhaji ya iso cikin babbar riga, yana murmushin da ya tanada don baƙi. Ya gaishe su da Dagbani, suka amsa gaba ɗaya da ladabi, har da rusunawa. Sannan ya juyo gare ni ya rage murya, amma ba yadda ba za su ji ba.

"Maman ki zai iya shiga. Sauran su jira can gindin bishiya, in an rage abinci a kawo musu."

Ni kuma, don in ƙara nuna wautata, na juya na ce, "Mma, zo mu shiga."

Ba ta motsa ba. Ta dubi takardar da ke hannun mai gadi, ta dube ni.

"Sunan mu ba ya ciki?"

"Ba ya ciki, Mma."

"Yau kika sani?"

Da na iya ƙarya a gabanta da na yi. Na ce kwana takwas ke nan.

Ta gyaɗa kai sau biyu. Ta juya ta yi wa matan magana da Dagbani, gajeriyar magana, ta ce an yi kuskuren rana ne, su tafi gida. Ba wadda ta yarda, ba kuma wadda ta musa. Suka juya. Motocin da suka kawo su sun tafi, don haka suka kama gefen titi da ƙafa, cikin ranar nan, a jere, da sabon ɗinkinsu da takalman da ba su saba sawa ba. Wata tsohuwa ta tsaya ta cire nata ta riƙe a hannu.

A bayana na ji dariya. Tsofaffin ma'aikata sun taso daga kujerunsu sun jeru a bayan shinge, wasu da kofi a hannu, biyu sun ɗaga waya. Wani daga sashen inji, mutumin da nake ganin girmansa, ya ce, "Bana an samu labari. Wannan ya fi na janareto."

Abin da na gaya masa ba zan rubuta shi duka ba. Na ce masa ya ji kunya da furfurarsa. Na ce uwarsa ma a kan murhu ta tsufa, in ita ce ke tafiya a titin nan zai ɗaga waya? Na ce dukkansu sun sani sun yi shiru, kuma Allah ya isa tsakanina da su. Dariyar ta tsaya, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce yarinyar nan ba ta da kunya. Na so in ce daga nan na cire takalmi na bi matan. Ban bi su ba. Alhaji ya dube ni kallo ɗaya, ya ce baƙi na jira. Na share fuska na koma ciki. Na raba abinci, na tafa da aka ba sakatariya kyautar daɗewa a aiki, kuma da aka zo ƙarshe ni na karɓi makirfo na karanta jawabin godiya a madadin kwamiti. Na gode wa Alhaji da sunansa. Abinci ya ragu da yawa, ma'aikatan otal suka kwashe.

Bayan wata ɗaya aka ba ni takardar tabbatarwa. Da shekara ta zagayo, ranar da aka naɗa sabon kwamiti na zaunar da su na gaya musu komai, daga kujeru har sa. Aka yi wata biyu wasu ba sa amsa gaisuwata, wai na ɓata al'ada. An yanka sa a shekarar, matan rumfa sun yi girki. Mma ba ta zo ba, ta ce bayanta na ciwo, kuma ba ta sake zuwa ba har ta bar aikin.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne washegarin liyafar, ranar Lahadi da hantsi. Na shiga gidansu na same ta tana shanya wanki. Na shirya ta zage ni. So nake ta zage ni, ta ɗauko muciya ma in ta ga dama. Da ta gan ni sai ta ajiye bokiti, ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tabarma ta shimfiɗa mini a inuwa. Ta koma ta kawo ruwa a kofin gilas, a kan tire, irin yadda ake wa baƙo. Ta zauna nesa kaɗan ta fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya mahaifiyata, yaya Alhaji, an tashi lafiya jiya. Ina amsawa kamar wadda aka ɗaure.

Na ce, "Mma, wallahi so na yi ki huta. Ban san haka abin yake ba. Da na sani kuma na ji tsoro."

"Ba komai. Aiki ne."

"Mma, ki yi mini faɗa."

"Faɗan me? Sha ruwan ki."

Na sha. Na zauna ina jiran ta ƙara wani abu, ita kuma tana jiran in tashi. Da na miƙe sai ta ce in dakata, ta ɗauko mayafi ta yafa. Ta rako ni ta tsakar gida, ta zaure, har bakin hanya. A nan ta tsaya ta ce, "Mun gode da zuwa. A gaida mutanen gida."

Daga ƙofarsu zuwa tamu bai kai taku goma ba. Ta tsaya tana kallona har na shiga, sannan ta juya.